Cimarmu da Haƙoranmu: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, ma'aji da sakatariya, malamarmu ta ajin yamma, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, iyayen gida da suka yi mana kara, da ku yaran da ke can baya kuna jiran a raba abinci, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana cikin lafiya da ƙaruwar arziki.

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci, maganar haƙori muka zo da ita. Wata za ta ce, ana bikin ƙungiya, ana lissafin jari da riba, me ya kawo haƙori? To, ai haƙori ma yana cikin lissafi. Duk wadda ta taɓa kwana riƙe da kunci ta san washegari ba ta buɗe rumfa. Cinikin ranar ya tafi, kuɗin mota zuwa asibiti ya tafi, kuɗin magani da na cirewa su ma daga cikin jari za su fita. In kuwa yaro ne, ba makaranta, ba barci, uwa ma ba kasuwa. Kuma abin ya shafe mu ta fuska biyu: mu ne masu tukunya a gida, mu ne kuma masu tire da kula a kasuwa. Yawancin abin da ke shiga bakin yaran unguwa ta hannunmu yake bi.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Kusan rabin mutanen duniya ke nan.

Mu fara da tsutsar haƙori. Tun muna yara muke jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu yawo suna turara hayaƙi suna nuna wa mutane wai ga ta ta faɗo. Babu wata tsutsa. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai santsi da ke taruwa a gindin haƙori. Kowa yana da su, mai kuɗi da talaka. Abincinsu sukari ne. Da zarar zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani tsami, tsamin nan shi ke zaizaye ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Ɓawon nan ya fi ƙashi tauri, amma in ya ɓule ba ya sake tsirowa. Da fari za a ga ɗan farin tabo kamar alli, sai ya koma ruwan ƙasa, sai kogo. Ranar da kogon ya kai ga jijiya, ranar ce mutum zai san dare yana da tsawo.

Allah da ikonSa Ya ba mu mai gadi, wato yawu. Yawu yana wanke baki, yana kashe kaifin tsamin, har yana mayar wa ɓawon haƙori ɗan abin da ya rasa muddin bai ɓule ba. Sai dai yana buƙatar lokaci, kamar rabin awa ko fiye bayan kowane zaƙi. Nan ne maganar take, don haka mu saurara da kyau. Yaron da ya shanye alewa biyar a zama ɗaya bayan cin tuwo, sau ɗaya tsami ya taso wa haƙoransa. Wanda ya sha ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, ɗaya da la'asar, ɗaya da dare, sau biyar ke nan, yawu bai samu sararin gyara ba. Alewar dai biyar ce, ɓarnar ce ba ɗaya ba. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Ba babban bashi ne kaɗai ke karya jari ba, ɗan cire-ciren yau da gobe shi ya fi cin mutum bai sani ba.

Haka ma mu manya. Mai zama a rumfa da gorar zoɓo a gefe, tana kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, haƙoranta sun wuni cikin ruwan sukari. Gara ta shanye shi lokacin cin abinci, ta bi da ruwa, sauran wunin kuma ruwa zalla.

Sai nau'in zaƙin. Wanda ya fi ɓarna shi ne mai manne wa haƙori da wanda ake daɗewa ana tsotsa: iloka, tuwon madara, gullisuwa, hanjin ligidi, ɗan tamatsitsi, alewar tsinke, cingam mai sukari. Biskit da cincin ma suna maƙalewa a cikin turame su daɗe. Mazarƙwaila da zuma, duk da alherinsu, a wurin ƙwayoyin nan sukari ne. Dabino abinci ne mai albarka, amma yana da danƙo, don haka a kurkure baki bayansa. Ba mu ce a daina nakiya da alkaki da dubulan ba. Ina biki in babu su? Amma da can kayan salla ne da na gara, ana ganinsu jefi-jefi. Yanzu zaƙi ya zama na kowace awa, ana samunsa a ƙofar kowace makaranta.

To nawa ne ya yi yawa? Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kamar giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ce in an iya tsayawa a rabin haka, cokali 6, ya fi. Na yaro kuwa bai kai haka ba. Yanzu mu yi lissafi irin namu. Shayin safe, cokali 3. Kwalbar lemo ta 35 cl ɗaya tana iya ɗaukar kusan cokali 9. An kai 12 ke nan, ba a sa na koko ba, ba a sa na fura ba, ba a zo kan kunun aya ba. Har gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, ya fara aiki a 2022, don dai a rage sha.

A nan ne karatun da muke yi ya yi mana rana. A jikin kwalba ko kwali akan rubuta yawan sukarin da ke cikin kowane 100 ml. In kika ga 10, robar kuma ta 50 cl ce, wato 500 ml, sai ki ninka sau 5, ya ba ki giram 50. Ki raba da 4, don ƙaramin cokali yana ɗaukar kamar giram 4, ya ba ki cokali 12 da ɗoriya. Roba ɗaya ta cinye rabon yini guda. Wadda ta iya lissafin mudu da tiya, wannan ba zai gagare ta ba. Masu cewa me tsohuwa za ta yi da boko, ga amsa ɗaya nan.

Bayan zaƙi akwai tsami. Kun san yadda haƙori ke mutuwa in an sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro. Alama ce tsamin ya taɓa ɓawon. Lemon tsami, tsamiya, zoɓo da lemon kwalba duk suna da shi, shi kuwa lemon kwalba ya haɗa biyu, ga zaƙi ga tsami. 'Yan matanmu masu shan ruwan lemon tsami kullum da safe don rage ƙiba, da masu goga shi da gishiri ko toka don haƙori ya yi fari, ku ji da kyau: ɓawon kuke kankarewa, kuma in ya yi siriri haƙorin rawaya yake komawa, ruwan sanyi ma ya gagare ku. In an sha abu mai tsami, a kurkure da ruwa, a jira kamar rabin awa kafin a sa buroshi, don a lokacin ɓawon ya yi laushi.

Yanzu ga yara, inda maganar ta fi nauyi. Jariri yakan fara haƙori wajen wata 6, kafin ya cika shekara 3 yana da guda 20. Sau da yawa mukan ji ana cewa, ai zai yi famfara, bar shi ya ruɓe. A'a. Haƙoran farko su ke riƙe wa na dindindin gurbi. In an cire su kafin lokaci, na bayansu sai su fito a karkace, suna hawan juna. Yaron da haƙori ke yi wa ciwo kuma ba ya tauna, ba ya ci, sai rama. Ga wani abin da yawancin iyaye ba su lura da shi ba: wajen shekara 6 wasu turame 4 suna fitowa can ƙarshen baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Waɗannan na dindindin ne, suna cikin 32 na babban mutum, ba su da canji. Da yawa sukan ruɓe ana zaton na famfara ne. Yau in mun koma gida, kowace ta buɗe bakin ɗanta mai shekara 6 ko 7 a hasken rana ta duba.

Abin da ya fi cin haƙoran ƙananan yara shi ne zaƙin dare. In mutum ya yi barci yawu yana raguwa, mai gadi ya tafi hutu. Yaron da aka kwantar da fida a baki, da madara mai sukari ko shayi ko koko a ciki, haƙoransa na gaba na sama su ke fara baƙi suna gutsurewa. In zai kwanta da wani abu, to ruwa. Ma'aikatan lafiya suna cewa nonon uwa zalla har wata 6, kada a ba jariri zuma kafin ya shekara, kuma a guji sa wa yaro sukari a abinci kafin shekara 2. Harshen yaro abin da aka saba masa shi yake nema. Wanda ya tashi da kunu ba sukari, da daɗi zai sha shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakanni, da girmamawa muke roƙonku, mun san jika abin so ne, amma a canza tsarabar. Ƙuli-ƙuli, ayaba, gwaiba, dafaffen ƙwai, duk tsaraba ce.

Akwai wata cuta da ya zama dole mu ambata, don a ƙasarmu ta arewa take. Likitoci suna kiranta noma, ba noman gona ba. Tana kama yara ƙanana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Daga dasashi take farawa: kumburi, jini, warin baki, yawan dalalar da yawu. Cikin 'yan kwanaki sai kunci ya kumbura, nama ya fara ruɓewa har ya ɓule. In ba a yi magani ba, yawancin yaran ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuma fuska ta lalace. Amma in an kai asibiti tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin yaran da ta kama, an buɗe shi tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Najeriya ta jagoranta. Kun ga ke nan baki yana cutuwa ta hanya biyu: yawan zaƙi yana cin haƙori, rashin abinci mai gina jiki yana cin dasashi. Duk wadda ta ga ramammen yaro da kumburarren dasashi mai wari, ko ɗan maƙwabta ne, kada ta jira gobe.

Masu juna biyu, ga taku. Ana cewa kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi, wai jariri ne ke zuƙe shi. Jariri ba ya zuƙar haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, ciki yana sa dasashi ya yi saurin kumbura da zubar da jini, amai na laulayi yana kawo tsamin ciki a baki, ga kwaɗayin ciye-ciye a kai a kai. Bayan amai a kurkure da ruwa, a ɗan jira kafin a goge. Jinin dasashi kuma ba dalilin daina gogewa ba ne, dattin da ya taru ne ya kawo shi, sai a ci gaba a hankali. Iyayenmu masu ciwon sukari, ku ma dasashinku ya fi saurin kamuwa, kuma ciwon dasashi yana wahalar da saukar sukarin jini. In haƙori ya fara girgiɗi, a gaya wa likita.

To me za a ci? Abin farin ciki, amsar tana cikin kasuwarmu, ba sai an je babban kanti ba. Haƙori da ƙashi suna son sinadarin kalsiyam, yana nan cikin nono da kindirmo, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da riɗi, da ganyen zogale da kuka. Dasashi yana son bitamin C, yana nan cikin gwaiba, lemon zaƙi, gwanda, tumatir da tattasai. Wake, awara, gyaɗa da ƙwai suna gina jikin yaro. Karas, yalo da gurji suna sa tauna, tauna kuma tana kawo yawu. Lemon zaƙi gara a sha shi ɗanye da a sayi na kwali. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu, ɗanwake, tuwo da miyar kuka, fura da nono ba tulin sukari: cimar iyayenmu ke nan, ba ta tsufa ba. Sai dai a bi abu mai tauri a hankali. Haƙori ba mabuɗin kwalba ba ne, ba kuma guduma ba ce ta fasa ƙanƙara ko ƙwallon goruba. Goro kuwa yana rina haƙori, taba ta fi shi sharri, don tana lalata dasashi, tana kuma jawo ciwon daji na baki, ko ta sha ce ko ta sa wa a leɓe. Iyayen gida, wannan taku ce.

Abinci shi kaɗai bai isa ba sai da wanki. Sau biyu a rana, kuma na dare kafin kwanciya shi ne babba, bayansa ba a cin komai. A nemi man goge baki mai sinadarin fuloraid, shi ke ƙarfafa ɓawon haƙori. A jikin kwalin za a ga lamba daga 1000 zuwa 1450 da haruffan ppm a gefenta. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, kuma uwa ta riƙa taya shi har wajen shekara 7. In an gama a tofar, kada a bi da ruwa a wanke man duka. Asuwaki abu ne mai kyau da muka gada, yana cire datti sosai in an bi kowane haƙori ciki da waje, a riƙe shi da rana a rumfa, a haɗa da man da dare. Kowa da nasa buroshi, ba a aro.

In ciwo ya riga ya zo, ruwan ɗumi da gishiri ko ɗan kanumfari suna lafar da zogi, amma ba sa cike kogo. Kada a ɗora ƙwayar magani a kan dasashi, tana ƙona shi. Ruwan batir da fetur kuwa guba ne, kada a kusance su. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen haƙori, kuma ƙaramin kogo cikewa ake yi, ba cirewa ba. Wanda aka bari ya daɗe shi ke kai wa ga giɓi. In fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Saura magana tsakaninmu 'yan kasuwa. A cikinmu akwai masu zoɓo da kunun aya, akwai masu alewa da iloka, da su ake biyan kuɗin makaranta, da su ake zubin adashi. Ba wadda za ta ce wa 'yar'uwarta ta bar sana'arta. Roƙonmu huɗu ne. Na ɗaya, masu abin sha su riƙa rage sukari kaɗan-kaɗan, a ƙara citta da kanumfari da abarba don ƙamshi. In an bi a hankali harshen mai saye yana sabawa, kuma da tsadar sukari a yau, ragin riba ne. A ajiye 'yan gorori marasa sukari saboda masu ciwon sukari, su ma masu saye ne. Na biyu, mai tiren alewa ta sa gyaɗa, aya, yalo ko gwaiba a gefe, yaro ya samu zaɓi. Na uku, mu daina ba yara alewa a madadin canji ko gyara. Na huɗu, muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar gayyato ma'aikacin haƙori sau ɗaya a shekara ya duba mu da yaranmu. Ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya, sai a daidaita da ita. Yadda muke tara kuɗin biki da na suna, haka za mu iya ware ɗan wani abu domin wadda ciwon haƙori ya kama ba ta da shi a hannu. Rigakafi dai ya fi magani, kuma ya fi shi araha.

Muna godiya ga malamarmu da ta yi haƙuri da mu har muka iya haɗa baƙi muka rubuta wannan da hannunmu. 'Yan'uwa da ba su shigo aji ba, ƙofa a buɗe take, kuma ba a makara. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai kowa gida lafiya.